Sarkin Ruwan Lambatu

Matso in ba ka wani misali tun bai kuɓuce mini ba. A wani birni da na taɓa yada zango, sunansa ya shige mini duhu yanzu, an yi wani mai lambu da ke noman salak da albasa a gefen wani ruwa da ya ratsa tsakiyar gari. Da ruwan nan ubansa ya yi ban-ruwa da jigo, da shi kuma shi ma yake yi da ɗan injinsa. Sai wani kamfanin jima ya kafu can sama da shi, ya juyo bututunsa cikin ruwan. Kafin rani biyu ruwa ya yi baƙi, yana kumfa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Salak ya riƙa ƙonewa ta gefen ganye, ƙafafun mai lambu suka tsattsage, masu sari suka fara wuce kwandonsa suna toshe hanci. Lambun nan kuwa da shi yake ci da gidansa. In ruwa bai gyaru ba, sai dai ya bar ƙasar da ya gada.

Ya tara 'yan'uwansa masu lambu, suka sami lauya, suka kai ƙara. Dokar garin ta hana zuba guba a kogi, don haka ya shiga kotu da ƙwarin gwiwa. Ran da aka tsayar da shi ba da shaida, lauyan kamfani ya tambaye shi cikin ladabi, "Baba, a ina lambun naka yake?" Shi kuwa ya ba da amsar da ya saba ba kowane ɗan acaɓa: "Bakin lambatu." Lauyan kamfanin ya juya wajen alƙali ya ware hannuwa. Ya ce doka kogi ta tsare, ba lambatu ba, lambatu kuwa don ƙazanta aka yi shi, ga mai ƙara ma ya faɗa da bakinsa. Ya kuma fito da hotunan leda da bola da ruwan wanke-wanke da unguwanni ke turawa ciki tun kafin a aza tubalin kamfani. Alƙali ya ɗage shari'a, ya ce a kawo masa hujjar cewa ruwan nan kogi ne.

Mai lambu ya fito yana mamakin harshensa fiye da yadda yake jin haushin lauya. Yaushe kogi ya koma lambatu a bakinsa? Ya san dai sun yi iyo a ciki da ƙuruciya, to da wane suna suke kiransa? Ya laluba, ya laluba, bai samo ba. Sai ya bi gaɓar ruwan da ƙafa yana tambaya. Masu wankin mota suka ce lambatu. Mai shayin kan gada ya ce lambatu. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce ita ma sunan ya ɓace mata, amma ai ba ita ya kamata a tambaya ba, ga Sarkin Ruwa can a layin teloli. Ya ɗauka ba'a take yi masa. Da ya je sai ya tarar da wani dattijo a kan keken ɗinki, wanda tun da aka haife shi bai taɓa jefa ƙugiya a ruwa ba. Ashe sarautar gado ce. Kakansa masunci ne, shi ke ba da izinin su, shi ke tsamo wanda ya nutse. Kifi ya ƙare, masunta suka watse, amma hakimi bai daina naɗa rawanin ba, domin ba wanda ya tuna ya ce a daina. Da mai lambu ya faɗa masa abin da ke tafe da shi, dattijon ya shiga ɗaki ya fito da takardar naɗi da wata tsohuwar komar kamun kifi da gara ta ci rabi. Sunan kogin na nan cikin takardar, da ajami. Ni ma an faɗa mini shi, ya bi sauran abubuwan da na manta.

Ranar zaman kotu tela ya zo da rawaninsa. Lauyan kamfani ya yi murmushi ya ce, "Sarki, kifi nawa ka taɓa kamawa?" Ya ce, "Ko ɗaya, ɗana. Rawani na gada, ban gaji ruwa ba." Alƙali ya daɗe yana duba takardar, sannan ya ce shi dai duk tsawon aikinsa bai taɓa jin inda aka naɗa Sarkin Ruwa a kan lambatu ba. Ya yanke cewa kogi ne. Ya umarci kamfani ya toshe bututunsa, ya haƙa tafkunan tace ruwa a cikin harabarsa. Mai lambu har ya fara ɗaga hannu zai yi godiya, ashe alƙali bai gama ba. Ya ce unguwannin da ke gaɓar ruwan, har da masu ƙara, su fito su yashe shi su kwashe bolarsu, tunda su suka fara tuɓe masa suna kafin baƙo ya zo ya zuba masa guba.

Salak ɗin shekarar nan dai ya tafi. Mai lambu ya ƙare ranin tsundum cikin taɓo har gwiwa da shebur a hannu, yana tsamo takalma da gwangwanaye, wasu ma ya gane na gidansa ne. Sai a rani na uku, ko na huɗu ne, ya sake yankar ganye lafiyayye. Ka ji dalilin da ya sa magabata suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.