Kyanwar da Ta Rage a Rabon Gado

An raba gadon tsoho kaf, har jaki. Saura kyanwarshi, irin ta Turawa da ya ɗauko daga Yamai, wadda ta yakushe rabin mutanen Filinge.

"Wagga ko kura daga nesa take gaishe ta," in ji ƙaramin ɗan tsoho. "Yaya, sa ta buhu mu yar hanyar Tabla."

Yayan yana zaune cikin rigar tsoho da ta faɗo rabonshi. Tun jana'iza bai ji komi a ranshi ba.

Sai kyanwa ta hau cinyarshi, ta shinshina rigar, ta kwanta. Can ta dubi fuskarshi, ta sauka a hankali.

"Aje buhun nan," in ji yayan.

Ya miƙa mata hannu yana jiran yakushi. Ko shi bai samu ba.