Yatsan Baba Jatau

"Buhun gero, kuma kai za ka kai ni ka dawo da ni," in ji Baba Jatau.

"Na yarda, Baba, amma ban da gyangyaɗi a gona," in ji Ilu manomi.

Tun da aka kafa dokar makamai, bindiga ba ta tashi sai ta ji yatsan mai ita, kuma yana da rai. Sababbi kuwa an daina bayarwa. A ƙauyenmu ta Baba Jatau ce kaɗai ta rage, tsohon maharbi da ya makance. Shi ya sa ake hayarsa lokacin girbi don tsaron gona daga ɓarayi: mai gona ya saita, makaho ya danna.

Ilu ya ja masa gora har inuwar kuka, ya ɗora masa bindigar a cinya.

"Ɗana, ai yatsan kuke haya," in ji tsohon yana dariya. "Ni ɗan rakiya ne."

Da la'asar mutanen daji suka ɓullo da adduna. Ilu ya afka cikin gero, ko saitawa bai tsaya yi ba. Ba su taɓa zangarniya ko ɗaya ba. Tsohon suka ɗauka a hankali, shi da bindigarsa, har da naɗe masa hannun dama da rawani kada ƙaya ta soke shi.

Ilu dai ya ci riba, geronsa na rumbu. Baba Jatau ma an ce kullum nama yake ci. Asarar tamu ce, mu da muke jiyo harbi daga ƙauyukan maƙwabta, muna kuma gane muryar bindigar.