Hannun da Ba Ya Taɓa Faifai

Ka taɓa leƙa cikin rumbun ajiyar kwamfuta kuwa? Faifai ne mai sheƙi yake juyawa, ga wani siririn hannu da maganaɗisu ke kaɗawa yana kai da kawo a samansa. A bakin hannun akwai ɗan kai mai karanta abin da aka ajiye. Maƙeransa sun daidaita nauyinsa gaba da baya don ya yi ta shawagi a kan iskar da faifan ke tayarwa, tazarar ko silin gashi ba ta kai ba. Allurar garmaho sai ta taɓa faifai take waƙa, wannan kuwa ranar da ya taɓa, ɓarna ta auku. To, ji abin da ya sami wani tsohon tela.

Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watsu garuruwa. Abin da ya rage masa nata shi ne muryarta, wadda ɗansu ya taɓa ɗauka tana tsintar shinkafa tana yi wa tsohon tsiya kan rowar cefane, ya zuba masa a wata tsohuwar kwamfuta. Kullum bayan la'asar sai ya kunna, tana faɗa yana murmushi, wani lokaci har ya rama. Rannan kwamfutar ta fara ƙas-ƙas, muryar tana yankewa. Aka kira mai gyara, ya kasa kunne ya ce, "Baba, hannun ne ya gaji. Muryar Inna tana nan lafiya, amma kada ka sake kunnawa sai na samo irinsa na sauya." Ya so ya tafi da kwamfutar shago, tsohon ya ce ba mai fitar masa da ita daga gida.

Samun irin hannun ya ja lokaci. Ni dai tausayinsa nake ji, don wanda bai zauna gidan da ba mai ce masa sannu ba, bai san kaɗaici ba. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar da gidan tsit, ya kasa daurewa, ya kunna. Ta fara magana, ta yanke. Shi kuwa mutumin zamanin rediyo ne, abin da ya sani in akwati ya yi gardama a ɗan mare shi a gefe. Ya kai wa kwamfutar mari, ya ƙara. Sai wata siririyar ƙara ta tashi kamar ana wasa wuƙa. Ya bar ta a kunne, ya zauna yana jira ko matar za ta ci gaba.

Da mai gyara ya zo da sabon hannu ya buɗe rumbun, sai ga faifan an kankare shi zobe guda, wani gari mai launin toka ya taru a gefe. Tsohon ya leƙa ya ce, "To, tana ina?" Mai gyara ya nuna masa garin da yatsa.

Abin da magabata ke faɗi ke nan: garin neman gira, an rasa ido.