Fallen Kwanon Dutsen Maraya

Tun da aka rufe asibitocin karkara, wani ƙaramin jirgi maras matuƙi ke kai wa ƙauyuka magani. An ce ƙyallin rufin kwano yake bi. Dutsen Maraya kuwa duk bukkoki ne cikin gajimare, fallen kwano ɗaya tak garin ke da shi, mai majinyaci kan ara ya ɗora a kan bukkarsa.

Yau Tanimu ne ya ara, don zazzaɓi ya kayar da matarsa Laraba, ko kunu ba ya zama a cikinta. Mutum ne mai tumbi, hawa bukkarsa ma sai da ya tsaya ya huta. Ya goge kwanon da toka, ya zauna gefensa yana kallon sama.

"Malam, sauko, kar ka faɗo mu zama biyu," in ji Laraba daga ciki.

"Ke dai kwanta, ga shi nan tafe!"

Jirgin ya ɓullo, ya tsaya daidai kansa. Tanimu ya cire hula yana kaɗawa, har da sannu da zuwa. Jirgin ya ɗauki hotonsa, ya wuce.

A taswirar gwamnati, Dutsen Maraya gandun birai ne, jirgin nan kuma ƙidayarsu yake yi.