Farin Yashin Hajiya Nana

A tsibiri na uku Sati ya kama Hajiya Nana Khadija tana ɗura farin yashi a gorar ruwa. Gora ta biyar ke nan, huɗu na cikin jakarta. Shi ke tuƙa jirgin ruwan da ya kwaso 'yan yawon buɗe ido daga Dubai, kuma kamfaninsu ya hana ɗibar yashi. Idan aka gani a jirginsa, aikinsa ya tafi.

"Hajiya, don Allah ki juye. Za ki ja mini kora."

"Kai ɗan Jos, ƙyale ni. Ƙawayena na Kano na yi wa alkawari. Dubi yashi fari fat kamar fulawa. Wannan ikon Allah sai tsakiyar teku."

Sati ya danne dariya, ya ce a ransa bari ya sage mata gwiwa.

"Hajiya, tsibirin nan fa mutane suka gina shi. Yashin kuwa a buhu ake sayo shi, a wani sito a unguwar Al Quoz, cikin Dubai. Kafin in samu tuƙi, ni na baza shi da shebur, daidai inda kika durƙusa."

Hajiya ta zazzage gorunan ɗaya bayan ɗaya, ta karkaɗe hannu. Sati ya juya yana murmushi, ya gama da ita.

Sai ya ji ta kira shi, wayarta a hannu.

"Ba ni lambar mai siton. Buhu nawa ke shiga kwantena?"