Granolar Da Ya Zo Saya

Mai shagon tana jera kwalaben granola, gasasshen haɗin hatsi na karin kumallo, sai ga kocin 'yan wasa ya shigo. Rabonta da shi tun ranar da ta ba shi haƙuri, don yayanta ya ƙi aurensu. Daga baya yayan ya sauko, amma kunya ta hana ta kiransa.

"Malama, wacce ta fi furotin?"

A da ba haka yake kiranta ba.

"Mai gyaɗa da 'ya'yan kabewa. Sukarinta kaɗan ne." Ta sunkuyar da kai. "Yaya yana gaishe ka. Ya ce ƙofa a buɗe take yanzu."

Ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa.

"Matata zan kai wa," ya ce a hankali. "Tana da juna biyu. Da kin kira ni..."

"Ajiye wannan," ta katse shi. "Ƙanshin gyaɗa zai iya tayar mata da zuciya. Ɗauki mai almon. Allah ya raba lafiya."

Sai da ya fita ta rufe shagon da rana tsaka, ta zauna tana kuka.