Ƙasusuwan da Aka Tono a Gidan Su Dela

"Wallahi in baƙuwar nan ta leƙa ramin nan, sai na karya miki hannu!" Hisham ya daka wa ƙanwarsa Dela tsawa.

"Karya mana, Yaya. Gidan ubanmu ne."

Jiya masu haƙa masai suka tono manyan ƙasusuwa a gidansu na Umdurman. Dela ta taɓa ji a waya cewa masana na neman tayar da dabbobin da suka ƙare tun zamanin Annabi Nuhu daga ƙashinsu. Shi ya sa ta haye Khartum ta ɗauko Dakta Wafa'a, masaniyar tsoffin ƙasusuwa.

Dakta ta juya ƙoƙon kan, ta karkaɗe ƙasa. "Yi haƙuri, jaki ne. Bai wuce shekara shida ba. Ga inda aka fasa kansa." Ta ɗago wata ƙararrawar tagulla.

Dela ta gane ta. Ta jakin ruwan babansu ce, wanda Hisham ya dafa Alƙur'ani ya ce Jatau, mijin Dela, ya sace. A kurkuku Jatau ya mutu.

Ta ƙura wa yayanta ido. "Dakta, ku bar na zamanin Nuhu. Wannan za ku tayar min, ya zo ya ba da shaida."